Tulun Khal a Bayan Rumbu

Gidan da yake da malami ɗaya ya huta. Namu a Karaye biyu gare shi, yayyena, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in ɗaya ya ce gabas sai ɗayan ya ɗauko littafi ya nuna maka yamma. Babban, wanda muke kira Malam, a zaure ya yi karatunsa gaban tsofaffi, shi ke limancin masallacin unguwarmu. Mai bi masa, Ustaz, kwaleji ya je a Kano, ya dawo da ɗangalallen wando da jakar littattafai, yana koyar da Arabiyya a wata firamare a Rogo. Ni ce auta, ni kaɗai ce mace, kuma ni ce ba a tambaya.

Baba bai yi karatu mai nisa ba. Manomi ne mai 'yan shanunsa, kuma shanun nan ya yi ta kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'yansa suka zama abin da suka zama. Saboda haka ba ya kiransu da suna, sai “malamai”. Mutumin da ya ɗauke su a wuya, ya share musu majina, amma ko ranar shuka zai sa sai ya ce a ji ta bakin malamai. Da yana da lafiya abin dariya yake ba ni. Da ya kwanta na daina dariyar.

Shekarar da ya kwanta ana mulkin soja, man fetur ya yi wuya, azumi kuma ya faɗo cikin sanyi. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, matan yayyena kowace tana fama da 'ya'yanta, sai mijina ya yi mini izini na taho daga Kano jinya. Ciwon a ciki yake. Mun kai shi asibiti, aka ba shi magunguna, likitan ya ja Malam gefe ya yi masa magana a hankali, mu kuma ya ce mana abu ɗaya: tsohon nan ya ci abinci, duk abin da ransa ya so a ba shi. To ransa ba ya son komai. Na dama kunun gyaɗa, na yi faten tsaki da yakuwa, na yi farfesun zabo har maƙwabta suna leƙowa. Sai ya karɓi cokali ɗaya don kada in ji ba daɗi, ya juya fuska bango. Ina kallo rigarsa tana ƙara yi masa yawa.

Wata safiya bayan ƙaramar sallah, ina shafa masa man kaɗanya a ƙafa, ya ce, “Uwata.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. “Da zan sami khal, da na ci abinci.”

Labarin na san shi, duk gidan mun san shi har mun daina saurare. Shekarar da ya je aikin Hajji zazzaɓi ya kama shi a Madina, bakinsa ya mutu, sai mai masaukinsu ya kawo masa gurasa da wani ruwa mai tsami da Larabawa ke kira khal a ɗan kwano, ya ce ya dangwala. Ya dangwala, ya cinye gurasar tas, ya nemi ƙari. Tun daga nan ya riƙe a ransa cewa khal shi ke tayar da bakin da ya mutu. Ranar ce karo na farko tun kwanciyarsa da ya ambaci wani abinci da kansa, don haka ban tsaya wanke hannu ba na fita neman mai zuwa Kano.

Mijina ya aiko da kwalba ta hannun wani direba. 'Yar siririya ce, an liƙa mata takarda mai hoton inabi da wani rubutu, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Da na san abin da zai biyo baya da na kai wa Baba a ɓoye cikin mayafi. Amma ina ta murna na ajiye ta a kan tabarma a tsakar gida, ranar kuma Asabar ce, Ustaz ya zo daga Rogo. Malam ya juya kwalbar ya ce wannan daga giya Turawa suke yinsa, kuma ba wanda ya san ko sun bari ya gama juyewa. Ustaz ya ce ba nan matsalar take ba, matsalar ita ce da gangan suke juya shi, suna zuba masa abubuwa. Su biyun sun ƙi kwalbar, amma suka kwashe daga azahar zuwa la'asar suna musu a kan dalilin wa ya fi ƙarfi. Na shiga na gaya wa Baba, ina sa ran zai ce a ba shi kayansa. Ya ce, “Abin da malamai suka ce, Uwata.” Ustaz ya tuttular da ita a bayan gida.

Na matsa masa lemon tsami. Na jiƙa tsamiya. Na tsiyayo ruwan tsamin da ke kan gasara. Kowanne ya taɓa da harshe ya girgiza kai, ba shi ba ne.

Kawunmu na Fulatan, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya kawo mafita, ko in ce shi ya rataya mini jakar tsaba. Sana'arsa mazarƙwaila. Ya zo dubiya ya tarar da zancen, sai ya ce ai ruwan rake in ya kwana ba a dafa ba kumfa yake yi ya ɗauki wani wari, shi ya sa suke zubar da ragowar kafin ya zama abin da ba a faɗa. Amma wata shekara an manta da jarka guda a bukka har damina ta faɗi, da aka buɗe tsaminsa har hawaye yake sawa, wani alhaji ya sansana ya ce khal ne. Malam ya gyaɗa kai, ya ce haka yake a littattafai: ruwan zaƙi ya zama giya, giya ta zama khal, in ta zama kuwa ta tsarkaka, har an yabe shi a hadisi. Ustaz ya ce da sharaɗi. Sai in da kanta ta juye, ba hannun mutum. Kada a zuba mata komai, kada a tsoma komai, ko ludayi, kada a matsar da ita daga inuwa zuwa rana. Na ce na ji, na yarda, ko cewa suka yi in riƙa gaishe ta safe da yamma zan yi.

Ba wanda ya ce zai je ɗaukowa. Liman ba zai rungumo jarka mai kumfa ba, malamin makaranta ma haka. Kawu ya koma ya sa aka ajiye ragowa, ni na bi bayansa. Kakar rake ta zo ƙarshe, doki ɗaya ne ya rage yana zagaya injin matsa, hayaƙi da ƙamshin mazarƙwaila sun cika fadamar, ƙudan zuma ko'ina. Masu aikin suka miƙo mini jarkar suna kallon juna, ɗaya ya ce, “Hajiya, wannan fa ta zubarwa ce.” Na ce na sani. A motar dawowa, a-kori-kura ce cike da mata 'yan kasuwa, jarkar ta kumbura tsakanin ƙafafuna tana huci ta gefen murfi. Wata dattijuwa ta ja hanci ta ce, “Baiwar Allah, me kika ɗauko haka?” Na ce maganin tsoho ne. Ta ce, “Allah ya ba shi lafiya,” ta janye zanenta daga jikina. Da na iso gida na sassauta murfin, sai abin ya yi tsartuwa ya wanke mini fuska da mayafi. Malam yana tsaye daga can nesa, kamar wanda aka kawo wa kura, yana karanto mini yadda zan wanke najasa kafin in yi sallar la'asar.

Sai kuma inda za a ajiye. Ba a ɗaki ba, ana sallah a ɗaki. Ba a zaure ba, ɗalibai na karatu. Ba kusa da madafa ba, ba kusa da rijiya ba. A ƙarshe aka yarda da bayan rumbu, gefen turken awaki. Na sayi sabon tulu, na juye, na ɗaure bakin da farin ƙyalle don ya sha iska ƙuda bai faɗa ba, na kifa tsohon kwando a kai saboda awakin.

Makonnin farko tulun ƙugi yake kamar cikin mai yunwa. Wari ya bi iska, ƙananan ƙudaje suka taru baƙi ƙirin a kan ƙyallen. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ko kabewa ce ta ruɓe mana. Na ce e. A gidan liman, me zan ce? Matar Malam ta hana 'ya'yanta zuwa wajen, ta daina shanya a igiyar da ke kusa, in ta wuce ni sai ta yi a'uziyya ƙasa-ƙasa, sai ka ce ni ce tulun. Kowace safiya in na shiga da ruwan alwala Baba zai ce, “Uwata, ya nuna?” In ce saura kaɗan. Saboda tulun nan yake daurewa ya sha ɗan kunu, wai don ya riƙe ƙarfi kafin khal ya iso.

Zafi ya shigo sosai. Tun kafin babbar sallah tulun ya yi shiru. Kumfar ta kwanta, warin nan mai nauyi ya tafi, wani ya maye gurbinsa, mai kaifi, mai shiga hanci ya sa atishawa. Na ɗaga ƙyallen na leƙa, na ga wani abu fari-fari mai santsi ya shimfiɗu a sama, kamar yanar kunu in ya huce. Zuciyata ta ba ni ya yi. Na jira Asabar, na tara yayyena a bayan rumbu, na ce to ga shi, a ɗanɗana.

Malam ya ce, “Wa zai ɗanɗana?”

Na ce, “Kowa ma.”

Ya ce, “In kuma bai gama ba fa? Wanda ya ɗanɗana ya sha giya ke nan, a gidan nan, da saninmu.”

Ustaz ya ce, “Kuma da me za a ɗiba? Na faɗa tun farko, ba a tsoma komai.”

Na ce a sansana mana, hanci ai ba ya karya alwala. Suka matso, kowa ya tattare rigarsa, suka sansana. Malam ya yi atishawa. Ya ce tsami kam akwai, amma shi tun da aka haife shi bai san warin giya ba, ta yaya zai shaida cewa ta tafi? Ustaz ya ce shi ma Allah ya tsare shi. Na ce ni da na kwashe makonni ina shaƙa na san bambancin. Ustaz ya ce shaidar mace ɗaya ba ta isa ba. Na ce to a nemo wanda ya san giyar. Suka dubi juna. Malam ya yi mini bayani a hankali, irin yadda yake karantar da yara, cewa wanda ya san giya mashayi ne, mashayi kuwa ba a karɓar shaidarsa.

Na tsaya ina kallonsu. Na ce, “Wato wanda za a yarda da shi bai sani ba, wanda ya sani ba za a yarda da shi ba.”

Malam ya ce, “Kin fahimta.” Har da murmushi, yana jin daɗi ɗaliba ta gane karatu. Ya ce a ƙara wa tulun lokaci, sannu ba ta hana zuwa. Ban ƙarasa masa karin maganar ba don shi babba ne, amma na san ƙarshenta.

Baba yana da wani aboki Bamaguje daga wajen Kafin Dafga, tare suka yi fataucin shanu da ƙuruciya. Ya zo dubiya da 'yan ƙwai a ƙwarya. Da zai tafi na tare shi na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, don Allah zo ka duba mana wani abu.” Ya leƙa tulun, ya ja numfashi ɗaya, ya kwashe da dariya har yana dafa rumbu. Ya ce, “'Yata, wa ya yi muku wannan ɓarnar? Wannan ai ta mutu tuntuni. Ko jariri aka ba ba zai bugu ba, sai dai ya yi kuka.” Na kirawo Malam a guje na ce a maimaita a gabansa. Aka maimaita. Malam ya gode masa ƙwarai, ya raka shi har ƙofar gida, ya dawo ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa jin ya yi ƙarya ba, amma hukunci hukunci ne.

Sai aka zo kan zakara. Shawarar Malam ce: a karkata tulun a tsiyaya, ba tsomawa, a jiƙa dawa a ba zakara, in ya yi tangaɗi an gane. Karkatawar ma sai da Ustaz ya duba littafi kafin ya yarda ba tsomawa ba ce. Amma ya ce ba a shayar da dabba giya, sannan naman zakaran zai zama abin tambaya. Malam ya bari sai da Ustaz ya koma Rogo, ya sa na jiƙa dawar. Zakaran ya caki ƙwaya ɗaya, ya girgiza kai, ya goge baki a ƙasa, ya yi tafiyarsa. Malam ya ce alamar tsami ce. Da Ustaz ya zo aka ba shi labari, ya ce alama ce ta cewa ko zakara ya san haram.

Za a ce me ya hana ni in ɗiba in kai wa Baba. Na kai. Na tsiyaya a ɗan kofi wata rana da hantsi na shiga da shi. Ya ji ƙamshin tun daga bakin ƙofa, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya yunƙura zai tashi zaune. Sannan ya ce, “Malamai sun yarda?” Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya koma ya kwanta, ya ce, “Ina bakin kabari, Uwata, kada ki sa in je da giya a cikina.” Na fita da kofin na zauna a bayan rumbu na yi kuka, awaki suna kallona. Ban taɓa jin haushin karatu ba sai ranar, kuma na san ba karatun ne ya yi mini laifi ba.

Babbar sallah ta zo ta wuce. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Baba ya daina tambaya ko ya nuna. Kunun da yake daurewa ya koma ruwa-ruwa, sannan bakinsa ya fara fashewa, fararen gyambuna a harshe da dasashi, ko ruwan randa sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Su kuwa malamai an kai maganar gaba. Malam ya ce zai tambayi malaminsa, malamin ya yi tafiya Zariya. Ustaz ya ce akwai littafin da zai aro a Kano in an sami mota. Kada a ce ba sa son mahaifinsu. Malam shi ke juya shi, shi ke goya shi zuwa makewayi. Ustaz albashinsa a magani yake ƙarewa, in babu mota a keke yake zuwa daga Rogo. Kowannensu tsoro yake kada ya zama shi ne ya fara cewa e, ɗan'uwansa ya riƙe masa har abada. Na gane haka, kuma ganewar ba ta rage mini haushi ko kaɗan ba.

Ranar da tura ta kai bango ma Asabar ce. Na fito daga ɗakin Baba da kofin kunu yadda na shiga da shi, na tarar da su a kan tabarma a tsakar gida, littattafai a buɗe, ana maganar ko yanar da ke saman tulun ita ma tana da nata hukuncin. Na ɗauki moɗa, na wuce bayan rumbu, na karkata tulun na cika ta, na dawo na tsaya a kansu.

“Yaya Malam, Yaya Ustaz, ku duba da kyau.”

Na yi bisimilla na kafa kai. Ustaz ya yi salati, wai har da bisimilla. Wayyo, ban san abin da na ɗauko ba. Kamar na haɗiyi garwashi, haƙorana suka mutu, hawaye da majina suka zubo tare, amma ban sauke moɗar ba sai da na kusa rabi. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna. Na ce, “To ga zakara ya ci. Ku zauna ku gani in zan yi tangaɗi.”

Suka zauna kuwa. Wallahi suka zauna suna kallona, manyan mutane masu gemu. Matan gidan suka tsaya a bakin madafa, hannu a baki. Malam ya tambaye ni yau wace rana ce. Na faɗa. Ya ce in jero sunayen 'ya'yansa daga babba zuwa ƙarami. Na jero. Ustaz ya ja layi a ƙasa da kara ya ce in bi. A nan ne bakina ya buɗe, na gaya musu abin da ban taɓa gaya wa na gaba da ni ba. Na ce tsohon da ya sayar da shanunsa ya sa su karatu yana can yana bushewa, abu ɗaya ya roƙa a duniya, sun tsaya suna neman fatawa wajen zakara. Na ce in giya ce ni na sha, a rubuta a kaina, su su shiga Aljanna da rigunansu fes. Ina faɗa ina kuka, muryata har waje.

Ustaz ya karkata wajen Malam ya ce, ƙasa-ƙasa amma na ji, “Ka gani? Ta fara. Da can ba ta ɗaga mana murya.”

Da moɗar tana hannuna da na jefe shi da ita. Matar Malam ce, wadda ta daɗe tana yi mini a'uziyya, ta shiga ɗakinta ta fito da allura da zare ta miƙo mini. Na goge ido, na zura zaren, na ɗaga musu. Sannan na tashi na bi layin Ustaz har ƙarshe na dawo. Aka zauna ana jira har aka kira azahar. Ban yi tangaɗi ba, ban yi waƙa ba, cikina ne kawai yake ci da wuta. Malam ya rufe littafinsa ya ce a ganinsa ya tabbata. Ustaz ya ce shi dai ba zai hana ba.

Na aika aka sayo gurasa mai laushi. Na tace khal ɗin da ƙyalle, na zuba a ɗan kwano, na ɗiga man gyaɗa a kai. Na tayar da Baba na jingina shi da jikina. Yayyena suka tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, “Malamai sun yarda?”

Malam ya ce, “Mun yarda, Baba. Halal ne.”

Ya yi bisimilla. Na taya shi ya gutsuri gurasar, ya dangwala, ya kai baki. Tana taɓa harshensa ya zabura ya damƙe hannuna. Tsami ne a kan gyambo. Ya yi ƙoƙarin taunawa, na ga ya yi, hawaye suna bin kuncinsa, amma sai da na tara hannu ya mayar da ita. Na ba shi ruwa ya kurkure. Ya daɗe yana mayar da numfashi.

“Shi ne,” in ji shi. “Shi ne, Uwata. Har ya fi na can ƙarfi.” Ya sunkuya ya sake jan ƙamshin. “Yau ya nuna?”

Na ɗaga kai na dubi bakin ƙofa. Malam yana kallon ƙasa, Ustaz yana kallon azara. Na ce, “Yau aka tabbatar, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu da ƙyar wajen ƙofa ya ce, “Allah ya yi wa malamai albarka. Kun tsare ni.” Suka ce amin. Sannan ya ce in rufe in ajiye masa kusa, kada in ba kowa, in bakin ya yi sauƙi zai ci abinsa a hankali.

Na rufe kwanon da faifai na tura ƙarƙashin gadonsa. Bakin bai yi sauƙi ba.